Gandun dajin W, mafakar namun daji a bakin Kwara

Ƴan uwa na Lugu da kewaye, tsofaffi suna ba mu labarin namun dajin da babu su yanzu a Arewa. To, akwai inda suka rage: gandun dajin W, a bakin kogin Kwara, wajen kilomita 150 kudu da Yamai.

Me ya sa ake ce masa W? A wurin, kogin ya lanƙwashe kamar wannan harafi. An kafa gandun a shekarar 1954. Dajin ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso.

Akwai giwa, ɓauna, zaki, gwanki, dorina da kada. Da rani aka fi ganinsu, don ciyawa ta bushe, ƙishirwa kuma tana kai su bakin ruwa. A da, ta Tapowa baƙi suke shiga, tare da ɗan jagora. Ba a farauta, ba a saran itace, ba a shiga da garke.

Amma a kula! Tun 2020 ƴan bindiga suka addabi wannan daji, ziyara ta tsaya. Kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi ma'aikatan gandun daji na Dogondutse ko Tibiri.