Iyakar da 'Yanci Bai Share Ba

Layin da ya raba Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure, da ƙasar Magariya ta Nijar ba mutanen Daura suka shata shi ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kansa, cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, har dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasashe biyu. 'Yancin 1960 ya tarar da layin ya bar shi, taron shugabannin Afirka na Alƙahira a 1964 kuma ya amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada.

Tarihin Ailan ya isa ishara. Ingila ta murƙushe boren Ista na 1916 a Dublin cikin mako guda, amma harbe jagororinsa da ta yi ya juya zukatan jama'a. Jam'iyyar Sinn Féin ta lashe zaɓen 1918, ta kafa majalisarta a Janairun 1919, aka shiga yaƙin sari-ka-noƙe. Yarjejeniyar Disamban 1921 ta bai wa gundumomi 26 mulkin kai, shida na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya. Saɓani kan yarjejeniyar, musamman rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila, ya haifar da yaƙin basasa, inda aka kashe Michael Collins a Agustan 1922, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa wa yarjejeniyar hannu. Ƙasar ta zama jamhuriya a 1949, iyakar tana nan daram. Sai da rikicin arewa ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar Belfast ta 1998, wadda ita ma ba ta goge layin ba. Shingayen soja aka janye, mutane suka koma zirga-zirgarsu.

Wani zai ce sassauta iyaka buɗe ƙofa ne ga fasa-ƙwauri da shigo da makamai. Damuwar gaskiya ce, sai dai mun gwada akasin haka. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, shinkafa ta yi tsada, masu fasa-ƙwauri suka koma bin daji da babura, wahalar ta faɗa kan mai kora awaki kasuwa da mai buhun wake. Tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wajibi ne Abuja da Yamai su ƙulla yarjejeniya tsakaninsu da za ta kare zirga-zirgar mazauna bakin iyaka, su kuma haɗa jami'ansu wajen sintiri.