Kwabon Labari a Zamanin Intanet

A 1939, da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, sunan jaridar kansa ciniki ne: kawo kwabonka, ka karɓi abin da ya fi shi daraja. Yau kuwa, ka ce wa mutum ya biya kafin ya karanta labari a wayarsa, sai ya ce maka, "To, kuɗin datar da na saya fa?" Ya biya kam, amma aljihun MTN ko Airtel kuɗin ya shiga. Wakilin da ya hau motar haya ya je ƙauyen da ambaliya ta ci, ko sisi bai gani ba.

Jaridun ma suna da nasu laifin. Da intanet ta zo, sai suka baje labaransu kyauta, suna sa ran talla za ta riƙe su kamar yadda ta riƙe bugun takarda. Talla kuwa ta bi Google da Facebook. Wanda ka saba wa kyauta, ranar da ka nemi ya biya, ranar za ku ɓata.

Akwai waɗanda suka gwada suka dace. New York Times ta Amurka ta kafa shinge a 2011: labari 20 kyauta a wata, daga nan sai da kuɗi. Masu biyanta sun haura miliyan 10, kodayake ba labari zalla take sayarwa ba, har da wasannin wasa ƙwaƙwalwa da girke-girke. The Sun ta Ingila kuwa ba ta dace ba: ta kafa nata a 2013, ta rushe shi a 2015. A ganina ba abin mamaki ba ne: wa zai sayi tsegumin 'yan ƙwallo da mawaƙa alhali ga shi ko'ina a banza?

A wurinmu abin ya fi wuya. Kunnen Bahaushe ya saba da rediyo. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, ga DW da RFI, babu mai neman kwabon mai sauraro, domin a can ƙasashensu ake ɗaukar nauyinsu. Jaridar gida da za ta ce a biya, da waɗannan take gasa. Ko an samu mutum ɗaya ya biya, hoton shafin zai ɗauka ya jefa a zauren WhatsApp, ɗari su karanta. Dama can haka muke yi a teburin mai jarida: mutum goma a tsaye suna karatu har da muhawara, mai saye ɗaya.