Daga Tudu Zuwa Bakin Teku a Jirgin Ƙasa

Yau hirarmu a kan tafiya ta ke. Da yawa daga cikinmu an haife mu, mun girma, ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Maraɗi ko kogin Kwara ba. To, in Allah ya hore maka ɗan abin hannu, ka na so ka je ka ga teku da idonka, ka kuma ɗanɗani jirgin ƙasa, yaya za ka shirya?

Ka sani tukuna, a nan Nijar babu jirgin ƙasa mai ɗaukar mutane. An shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma bai shiga jigila ba. Saboda haka mu ɗauki misalin ƙasar Kamaru, inda akwai ƴan uwanmu Hausawa da yawa, kuma jirgi ya na tashi daga tudu ya gangara har gaɓar teku.

Hanyar ta fara daga Ngaundere, garin Lamiɗo, a kan tudun Adamawa. A 1974 ne ƙarfen ya iso wannan gari. Daga nan zuwa Yawunde, babban birni, kilometir 622 ne. Daga Yawunde zuwa Duwala kuma 263. Ɗauki alli ka haɗa: 885 ke nan. Kamfanin Camrail ne ke tafiyar da jiragen tun 1999.

Abu na farko, zaɓen lokaci. Kada ka auna damanarsu da tamu. Ruwan da Maraɗi ke samu a shekara wajen milimetir 500 ne, na Duwala kuwa ya wuce 3,500. Wanda ya je cikin watan Yuli ko Agusta, sai ya ƙare hutunsa cikin ɗaki ya na kallon ruwan sama. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne sama ke yin sauƙi. Ga shi kuma lokacin an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ka bar gida da abinci.

Na biyu, takardu. Ka tanadi fasfo ɗinka da katin allurar shawara, don ba a shiga Kamaru sai da shi. Ka je ofishin jakadancinsu ka tambayi sharuɗɗan biza tun da sauran kwanaki. Ka kuma bincika lafiyar hanyar da za ka bi zuwa Ngaundere wurin direbobi da fataken da su ka dawo kwanan nan. Labarin bara ba ya raka matafiyin bana.

Na uku, kuɗi. Sunan kuɗinsu sefa, kamar namu, darajar ma ɗaya ce: jikarmu jikarsu. Amma takardun daban su ke, bankin da ke buga su ma daban. Mai tuwo a Yawunde ba za ta karɓi takardarka ta Damagaram ba, sai ka canza. Ka kasa guzurinka kashi huɗu: na hanya, na masauki, na abinci, na ko-ta-kwana. Kuɗin komowa gida kuwa, ka ƙulle shi daban tun ranar fita, kada ka taɓa shi ko don tsaraba.

Na huɗu, tikiti. Jirgin Ngaundere da yamma ya ke tashi, ya kwana ya na tafiya, ya isa Yawunde da hantsi. Akwai ɗaki mai gado biyu, da mai gado huɗu, da kujerun aji na ɗaya da na biyu. Mai iyali ko dattijo, gado ya fi masa, amma gadajen kan ƙare da wuri, sai ka saya tun kafin ranar. Ka karanta abin da ke rubuce: kwanan wata, lambar tarago, lambar gado. In ka ga 19h15, ka cire 12 daga 19, saura 7: ƙarfe bakwai da kwata na maraice ke nan. Agogonsu da namu ɗaya ne, ba sai ka juya naka ba. Jirgi ya kan makara, don haka kada ka ɗaura wata tafiya a kan sa'ar isowarsa. Bar kwana guda tsakani.

To, me za ka gani? Za ka bar Ngaundere cikin sanyi da ciyawa da garken shanu, ka sa rigar sanyi kusa. A tashoshi irin su Ngaundal da Belabo, mata da yara na miƙo zuma da ayaba ta taga. Gari zai waye maka cikin kurmi, itatuwa dogaye sun haɗa kai, ƙasa ja wur. A Yawunde, nemi unguwar Birkitiri, nan za ka ji Hausa, ka samu masallaci da tsire. Daga can ka hau jirgin rana. Zai ratsa ramuka cikin dutse, ya bi gonakin kwakwar manja, ya ƙetare babban kogin Sanaga a Edeya.

Duwala tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Wuri, ba wurin shan iska a rairayi ba. Mai son teku sosai sai ya shiga mota zuwa Kiribi. Can ne farin yashi da kwalekwalen masunta, da hasumiyar fitila da Jamusawa su ka gina a 1906. Kudu da garin kaɗan, kogin Lobe ya na zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai a ke gani ba a duniya.

Gargaɗi ɗaya: teku ba tabki ba ne. Ruwansa gishiri ne, ba a sha. Ya kan janye ya komo, ya na kuma jan ƙafar mutum ta ƙasa. Ko ka iya iyo a gulbi, ka tambayi masunta inda a ke shiga, ka riƙe hannun yaro. Da dare ka kwana cikin gidan sauro.

Ka tafi da ɗan littafi da alƙalami, ka rubuta sunan kowace tasha da abin da ka kashe. In ka komo, wanda zai bi sawunka ya samu jagora. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya. Sai mako mai zuwa.