Yadda iyaye za su tattauna da 'ya'yansu kan wariyar launin fata

A ranar 21 ga Mayun 2023 aka tsayar da wasan Valencia da Real Madrid na ɗan lokaci a filin Mestalla da ke Sifaniya, bayan wasu 'yan kallo sun riƙa kwaikwayon biri suna nuna Vinicius Junior, ɗan wasan Brazil baƙar fata. A watan Yunin 2024 kotu ta ɗaure uku daga cikinsu wata takwas-takwas. Yara masu bibiyar ƙwallon Turai a gidajen kallo da wayoyin iyayensu suna ganin irin wannan, kuma sukan tambaya: me ya sa ake ce masa biri? Sau da yawa amsar ba ta wuce "rabu da su" ko "ba maganar yara ba ce". Sai dai yaron da aka hana amsa a gida, zai samo ta a waje.

Yara na lura tun suna ƙanana

A shekarun 1940, wasu ma'aurata masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Kenneth da Mamie Clark, sun gwada yara baƙar fata 253 masu shekara 3 zuwa 7. Sun ajiye musu 'yan tsana waɗanda babu abin da ya bambanta su sai launi, suka tambaye su wadda suke so su yi wasa da ita da wadda ta fi kyau. Mafi yawansu suka zaɓi fara. Binciken na cikin hujjojin da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Ba a aji aka koya wa yaran nan raina launinsu ba. Daga abin da suke ji da gani kullum suka ɗauka.

Abin da za a faɗa wa ƙaramin yaro

Gaskiya mai sauƙi ta ishe shi. Launin fata yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda ke kare jiki daga illar hasken rana. Waɗanda kakanninsu suka daɗe a yankuna masu tsananin rana sun fi yawansa, shi ya sa fatarsu ta fi duhu. Ba shi da alaƙa da basira, tsabta ko hali. Idan yaro ya nuna baƙo a kasuwa ya tambayi dalilin farinsa, kada a tsawata masa kamar ya yi saɓo. A amsa, sannan a koya masa cewa nuna mutum da yatsa rashin ladabi ne.

Idan ya fara wayo

Wanda ya kai shekara 10 zai iya ɗaukar tarihi. A ba shi labarin Sharpeville a Afirka ta Kudu, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69 ranar 21 ga Maris 1960 saboda zanga-zangar adawa da dokar da ta tilasta wa baƙaƙe yawo da takardar izini. Don tunawa da su ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar domin yaƙi da wariyar launin fata. A haɗa da labarin waɗanda suka tsaya tsayin daka, irin su Nelson Mandela, don kada yaro ya tashi da ganin baƙar fata a matsayin abin tausayi kawai.

Wanda za a tura karatu ko kasuwanci waje yana bukatar shiri na musamman. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an kori 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou ta China, har Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gana da jakadan ƙasar kan lamarin. A gaya masa hakan na iya faruwa, ba laifinsa ba ne, kada ya rama da hannu, ya adana shaida, ya kai ƙara ga hukumar makaranta ko ofishin jakadanci.

Gyara daga cikin gida

Nasiha ba za ta yi tasiri ba idan yarinya na jin ana kirarin "farar mace alkyabbar mata", ana tsokanar yayarta da baƙi, ko tana ganin man bilicin a ɗakin uwarta. Haka nan mahaifin da ke Allah wadai da masu zagin Vinicius amma yake yi wa wata ƙabila kuɗin goro, ko yake goranta wa maƙwabci asalin bauta, ya rushe darasin da bakinsa. Idan kaka ko gwaggo ta yi irin wannan furuci a gaban yara, a gyara cikin girmamawa, daga baya a zauna da yaran a bayyana musu dalilin gyaran. Zama ɗaya ba ya wadatarwa, domin tambayoyin yaro suna girma tare da shi.