Jirgin Makka a Kan Zanen Gado

A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, da ƙauyukan da ke kewaye da ita, aikin allura na mata yakan kankama ne bayan kaka. An kai gero da dawa rumbu, an gama roron gyaɗa, hunturu ya fara busawa, bukukuwa kuma sun jeru. A lokacin ne matar da ke cikin kulle za ta ba mai shiga birni sautu, ya sayo mata farin yadi a Kantin Kwari da zaren ulu kala-kala: ja, kore, shuɗi, ruwan ƙwai. Zanen gado za ta yi da rigunan filo biyu, gudummawar ƙawa ko ƙanwa da za a kai ɗaki.

Kafin a ɗauki allura sai an shimfiɗa yadin a kan tabarma an fitar da zane da fensir ko tsinin gawayi. Ba kowace mace ke da hannun zane ba, don haka akan kai wa wadda aka sani a unguwa, a ba ta na goro. Fure da dagi da tsuntsu sukan bi gefe. Tsakiya kuwa wata ta sa masallaci, wata ta ce jirgin sama take so.

Jirgin nan abin kallo ne. Fukafukansa biyu a baje suke kamar daga sama ake hangensa, amma tagoginsa a jere a gefe, kowace da launin zarenta. Tayoyi a waje, ko da yake tafiya yake yi a cikin gajimare. Wani ya fi kama da tarwaɗa, kuma ba mai kushewa, domin abin da matan ke dubawa shi ne bayan ɗinkin. Sai a juya yadin a gani: in zare bai yi tsuma-tsuma ba, in ƙulli bai fito ba, an san gwana ce ta yi. Aikin yakan ci makonni, ana yi ana ajiyewa tsakanin daka da girki da goyo, galibi bayan azahar a inuwar ɗaki.

Me ya kawo jirgi gadon amaryar ƙauye? Makka ce. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, amma kakanninmu da ƙafa da jaki suka yi ta tafiya aikin Hajji, ta Barno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce, wasu ma can Sudan suka yada zango, jikokinsu na nan har yau. Da aka fara jigilar alhazai ta sama a shekarun 1950, sai jirgi ya zama alamar cikar buri. Magina a Zariya sun zana shi a fuskar soraye tare da keke da mota, mata kuma suka ɗora shi a yadi. A ganina, mai ɗinka wa ƙanwarta jirgi addu'a take yi mata da zare. Shi ya sa ake yin irinsa ma don uwa ko gwaggo da ta dawo daga Saudiyya: ita ta raba dabino da zamzam da carbi, su kuma su shimfiɗa mata gado.

Akwai kuma mayafin sanyi, wanda ba ya cin kuɗi. Ƙyallayen da suka rage a wurin tela ake tarawa, a yayyanka, a harhaɗa, a sa tsofaffin zannuwa a ciki don kauri, a bi da dogon ɗinki. Da can gwado da luru na masaƙa ne mayafin hunturu. Yanzu bargon kamfani ya cika kasuwa, ga taushi ga araha, kuma shi 'yan mata suka fi so a gani ranar jere.

Kai kyautar zanen gadon ma da ladabinta. A ninke ta a cikin fanteka, a rufe, yarinya ta ɗauka a ka, mai aikin na biye.

"Yaya, ga ɗan abin da ya samu, ba yawa."

"Kai, duk ke kaɗai? Sannu da ƙoƙari. Allah ya sa da rabonmu mu hau shi."

Sai guɗa, sai a zagaya da zanen kowa ta taɓa, a ba yarinya tukwici. Uwar amarya kuwa tana lissafi a zuci, domin biki rance ne: ranar da hidima ta zo gidan mai ɗinkin, dole a mayar, kuma da ƙari. Kuɗi da kwano sun fi sauƙin ramawa. Zanen gadon hannu kam, in babu mai allura a gidan, sai an nemi wadda za a biya ta yi, tun watanni kafin a sa rana.