Ko ka sani? Ƙara wa birkin baya ƙarfi ba ya sa a-kori-kura ta tsaya da wuri

Duk sanda direba ya taka birki da ƙarfi, hancin mota sai ya duƙa, bayanta ya ɗaga. Nauyi ne ya koma kan ƙafafun gaba, shi ya sa su ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. A babbar a-kori-kura irin Ford F-350 ko Ram 3500 abin ya fi tsanani, domin inji da mazaunin direba duk suna gaba, bodin baya kuwa fanko ne in babu lodi. Tayar da ba nauyi a kanta ba ta kama kwalta sosai, birki kaɗan ya ishe ta ta ƙame ta fara jan ƙasa. In ƙafafun gaba suka ƙame, mota za ta ƙi bin sitiyari amma ta tafi a miƙe. In na baya suka riga su, gindin motar ne zai wulwulo ya tare hanya, kuma ba kowane direba ke iya dawo da ita ba. Da gangan masu ƙera mota suke rage wa birkin baya ƙarfi, ba rowa suka yi ba.

Hujjar tana jikin motocin. A 1987, da Ford ta fara sa wa a-kori-kurarta na'urar ABS mai hana ƙafa ƙamewa, ƙafafun baya kaɗai ta sa wa, don can haɗarin yake. Tsofaffin Hilux da suka cika hanyoyinmu kuwa, leƙa ƙarƙashinsu za ka ga wani ɗan bawul a jikin shasi, da siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksul ɗin baya. In lodi ya danne motar, sai ya ƙara sakar wa baya man birki. In ta ɗaga, ya rage. Wanda ya ƙara ganyen sifirin don ya ƙara lodi bai sake saita bawul ɗin ba, ya ruɗe shi ke nan: mota maƙil da buhuna, bawul yana ganin fanko ce.

Wani zai ce, ai waɗannan motocin ba don yawo fanko aka yi su ba, tirela suke ja, kuma Ford da kanta ta sa birkin faifai a baya maimakon na diram a a-kori-kurarta Super Duty ta 1999. Gaskiya ne, amma abin da faifai ya fi diram da shi jure zafi ne. Birki motsi yake mayarwa zafi, kuma in gudu ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. A doguwar gangara diram rufaffe ne, yana ɗaukar zafi ya buɗe ya yi nesa da shu ɗin da ke matse shi daga ciki, sai ka ji feda tana nutsewa. Faifai a sarari yake, iska tana shan sa. Ribarsa ita ce takawa ta goma ta yi kama da ta farko, ba wai ta farkon ta gajarta ba, domin taya ce ke yanke wannan hukuncin. Ford kuma ba faifai kawai ta ɗaura ba, tsarin gaba ɗaya ta auna. Diram yana taimakon kansa, juyawarsa tana ƙara cusa shu a jikinsa, faifai kuwa sai matsin mai ya ƙaru. Mai canja diram zuwa faifai dole ya duba famfon birki da bawul ɗin rabon matsi, ya kuma samar wa birkin hannu mafita, abin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ke riƙe mota mai lodi a kan tudu.

A ganina, kafin a kashe kuɗin faifai, a fara da taya mai kyau da saita shu da sauya man birki. Man DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma yana shan danshin iska, kuma in ya sha, iyakar tana iya faɗowa zuwa 140. Da zarar ya tafasa a cikin bututu, feda sai ta tafi ƙasa, ko faifai ne a baya ko diram.