Ko Kun Sani? Wasan Kyauta, Biyan Dala Miliyan 520

Kyauta ake sauke wasan Fortnite, amma a Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan, ya amince zai biya dala miliyan 520 kan ƙorafin hukumar cinikayyar Amurka, FTC. Miliyan 245 na mayar wa jama'a kuɗinsu ne. A cewar hukumar, an jera maɓallan wasan ta yadda yatsa na zamewa ciniki ya faɗa: yaro ya taɓa don kallon rigar cikin wasan kawai, sai a zari kuɗi, ba tambaya. Wanda ya kai kuka banki kuwa, a kulle masa asusu. Ragowar miliyan 275 tara ce ta tattara bayanan yara ba da izinin iyayensu ba.